Raba gindi ko shuka ƙurar iri: wace hanya ta fi dacewa da mai son yawaita fen a Kumasi?

Wata Juma'a bayan la'asar na shiga gidan Gwaggona a Aboabo, na tarar da ita a baranda riƙe da almakashi, ta sunkuya kan wata tukunyar shuka da take ji da ita. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta kife min ganye ɗaya.

"Ɗana, zo ka gani, ciwo ya kama min shuka. Duk bayan ganyen ya yi ɗigo-ɗigo."

Na duba. Ɗigon masu ruwan ƙasa ne, a jere reras kusa da gefen kowane ɗan ganye, dama da hagu, kamar an ɗinka su da keke.

"Gwaggo, ki ajiye almakashin. Lafiyarta ƙalau, wannan irinta ne."

"Iri kuma? Shukar da tun da nake ban taɓa ganin furenta ba, ina ta samo iri?"

Wannan tambayar tata ita ce mabuɗin maganar duka. Shukar da masu sayar da furanni ke kira fen, wadda Asantawa ke kira aya har suka sa ta cikin alamomin adinkra da ake bugawa a kan yadi a Ntonso, ba ta fure kuma ba ta 'ya'ya. Akwai nau'inta fiye da 10,000 a duniya, kuma dukkansu da wata ƙura mai laushi kamar garin kwalli suke yaɗuwa. Saboda haka duk mai son ya mayar da tukunya ɗaya ta zama da yawa, hanya biyu ce a gabansa: ko ya raba gindin uwar, ko ya tara wannan ƙurar ya shuka. Na bi dukansu, kuma ba zan ɓoye ra'ayina ba tun daga farko: yawancin mutane raba gindi ya kamata su yi. Amma akwai inda wuƙa ba ta da amfani, kuma a nan ne ƙura take da ranarta.

Raba gindi aikin yamma ɗaya ne. Ka shayar da shukar sosai tun jiya, yau ka kife tukunyar ka zaro ta da ƙasarta. In ta daɗe ba a taɓa ta ba za ka ga saiwa ta nannaɗe ta ɗauki siffar tukunyar, ta yi tauri kamar soso. Ka buɗa ganyen da hannu ka dubi tsakiya. Abin da kake nema shi ne idanun tsiro, wato inda sababbin ganye ke fitowa a naɗe kamar wutsiyar hawainiya. In ka ƙirga ido shida ko takwas, kana da abin rabawa. Ka ɗauki wuƙa mai kaifi da ka wanke ka zuba mata tafasasshen ruwa, ka yanka daga sama zuwa ƙasa, kowane kashi ya tafi da ido biyu ko uku da saiwa mai yawa. Kwaɗayi ne ke kashe shuka a wannan mataki. Tukunya ɗaya a raba ta biyu ko huɗu, ta farfaɗo cikin makonni. A raba ta goma, sai a yi ta jinya har a rasa rabi.

Kowane kashi ya koma ƙasa daidai zurfin da yake a da. In ka binne idon, ruɓewa zai yi. Ƙasar kuma kada ta zama jar ƙasarmu mai danƙo ita kaɗai, domin tana riƙe ruwa ta shaƙe saiwa. Ni ina haɗa baƙar ƙasa ta gindin bishiya da garin ɓawon kwakwa da ɗan yashi da gutsattsarin gawayi, in tabbatar tukunyar tana da huji a ƙasa. Sai a rage tsofaffin ganye kamar kashi ɗaya cikin uku, tunda saiwar da aka yanka ba za ta iya shayar da su duka ba, a ajiye a inuwa, a riƙa jiƙawa ba tare da an cika ruwa ba. Taki sai bayan wata guda ko fiye, in an ga sabon ganye ya fara warwarewa. Wannan sabon ganyen shi ne shaidar ta kama.

Wasu nau'in ma sun sauƙaƙa maka aikin. Wadda ke hannun Gwaggo, mai dogon ganye irin wadda ke maƙale a jikin bishiyar kwakwar manja in ka bi hanyar Ejisu ko ta Mampong, tana fitar da wasu siraran igiyoyi marasa ganye da ke lilo a gefen tukunya. Mutane da yawa suna yanke su don suna ganin ƙazanta ce. Kada ka yanke. Ka ajiye ƙaramar tukunya kusa da uwar, ka kwantar da igiyar a kan ƙasa, ka danne ta da lanƙwasasshiyar waya. Inda ta taɓa danshi nan za ta yi saiwa ta fitar da ɗa, kuma uwar na shayar da shi har ya tsaya da ƙafarsa, sannan ka raba su. Ban san hanyar da ta fi wannan aminci ba, domin ba a taɓa gindin uwar ko kaɗan. Waɗanda kuma jijiyarsu mai kauri ke rarrafe a saman ƙasa ko jikin itace, sai a yanki guntu tsawon yatsa mai ganye ɗaya ko biyu, a kwantar da shi a sama a danne, ba a binne ba.

Abin da raba gindi ke ba ka shi ne tabbas. Ɗan da ka cire kamar uwarsa yake sak, siffa da launi da komai, domin jikinta ne. Wannan yana da muhimmanci ga nau'in da masu lambu suka zaɓo saboda kyan ganye. Shahararriyar nan da ake kira fen ɗin Boston, wadda aka tsinto a 1894 cikin wasu shuke-shuke da aka aika daga Philadelphia zuwa Boston a Amurka, yawancin jikokinta masu cukurkuɗaɗɗen ganye ba sa yin ƙura mai tsirowa. In irin wannan ka saya a bakin titi, kada ka wahalar da kanka da neman iri a bayan ganyenta. Wuƙa ko igiya kawai.

Illar raba gindi biyu ce. Ta farko, abin da ka samu ba shi da yawa: uku, huɗu, sai ka jira shekara ko biyu kafin ka sake. Ta biyu, duk cutar da ke jikin uwa tana bin 'ya'yan. Akwai wasu ƙwari masu kama da ɗan ƙwarya da ke manne wa ganye suna tsotsa, kuma su ne ake rikitawa da ɗigon iri. Bambancin a bayyane yake in ka lura: iri a jere yake cikin tsari kuma a bayan ganye kawai, su kuwa ƙwarin a warwatse suke, har kan kara da saman ganye, suna ɓantarewa in ka sa farce, kuma sau da yawa za ka ga ganyen yana danƙo tururuwa na hawa. In maƙwabciya ta ba ka ɓangaren gindi, ka duba wannan kafin ka haɗa shi da sauran tukwanenka.

To, ina wuƙa ke gazawa? Akwai fen mai faɗin ganye sumul da ke fitowa a zagaye kamar sheƙar tsuntsu, wadda ake yawan gani a farfajiyar otal da ofisoshi. Ido ɗaya tal gare ta a tsakiya, ba ta fitar da 'ya'ya a gefe. In ka tsaga ta, mai yiwuwa ka kashe abin da ka shekara uku kana reno. Irin wannan sai ƙura, kuma ba ta rowa da ita: dogayen layuka masu ruwan ƙasa a bayan ganye, kamar an ja da biro. Haka nan wanda ke son shuka 50 ko 100 don sayarwa, ko wanda ya ga wata kyakkyawa a gidan mutane ba zai iya roƙon a tsaga masa ba. Guntun ganye ɗaya mai nunannen iri kowa zai ba ka.

Kafin a shuka ƙura sai an fahimci abin da take yi, in ba haka ba mutum zai zubar da aikinsa yana tsammanin ya lalace. Ƙurar fen ba kamar ƙwayar masara ba ce da ke ɗauke da ɗan tsiro da guzurinsa a ciki. In ta faɗi a danshi, abin da ke fitowa ba ya kama da fen ko kaɗan. Wani ɗan koren abu ne siriri mai siffar zuciya, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, kwance a kan ƙasa. A ƙarƙashin wannan 'yar zuciyar ne ake samun ɓangaren namiji da na mace, kuma ƙwayar namijin iyo take yi cikin ruwa ta je ta sami ƙwan. In babu ɗan lema a wurin, ba za a haɗu ba. Bayan haɗuwar ne fen ta gaske ke ɓullowa daga jikin zuciyar, ita kuma zuciyar ta shanye. Wato hawa biyu ne, kuma masana ma sun daɗe ba su gane ba, sai a 1851 wani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, ya fayyace yadda hawan biyu ke bin juna. Duk lokacin da na tsuguna ina kallon waɗannan 'yan zukata da madubin ƙara girma, sai na yi tasbihi.

Tara ƙurar ba wuya, amma lokaci ne sirrin. Ɗigon da yake kore ko fari-fari bai nuna ba. Wanda ya yi buzu-buzu ya koɗe ya riga ya zubar. Kana son wanda ya yi duhu, ya cika, yana ɗan sheƙi. Ka yanki ganyen ka kwantar da shi a kan farar takarda, bayansa na kallon ƙasa, ka rufe da wata takardar, ka ajiye inda iska ba ta kaɗawa. Ban da fanka. Bayan kwana biyu ko uku ka ɗaga a hankali, za ka ga hoton ganyen ya fito a takardar da gari mai ruwan ƙasa. Ka karkata takardar ka ɗan ƙwanƙwasa: dusar ɓawon za ta gangara, ƙurar gaske mai laushi ta maƙale. Ita kake so. Ka naɗe ta a takarda ko ambulan, ba leda ba, ka rubuta suna da kwanan wata. Ga wani abin lura: akwai wata 'yar fen da ke fitowa a gefen kwata da gangaren hanya, bayan ganyenta fari fat, yara na manna ta a hannu ta bar musu zane. Wannan farin garin ba iri ba ne, wani abu ne kamar kakin zuma da ganyen ke fitarwa.

Daga nan sai tsafta, kuma a nan ne yawancin masu gwadawa ke faɗuwa. Danshin Kumasi da ke sa fen ta ji daɗi shi ne kuma ke sa funfuna da gansakuka su ji daɗi, kuma sun fi ta sauri nesa ba kusa ba. Ina amfani da farar robar tekawe mai murfi, irin wadda ake zuba waakye, a wanke ta tas. In zuba garin ɓawon kwakwa da aka tankaɗe haɗe da ɗan yashi, kaurin yatsa biyu, in shimfiɗa takarda mai laushi a kai, in kwarara tafasasshen ruwa har ya ratsa ko'ina, in tsiyaye, in rufe har ya huce sarai. Sannan in cire takardar in barbaɗa ƙurar sama-sama, in mayar da murfi nan take. Ba a rufe ta da ƙasa, domin tana buƙatar haske kafin ta tsira. Kuma kaɗan ake sawa, abin da ido da ƙyar zai gani. In ta yi yawa 'yan zukatan sukan cunkushe, yawancinsu su tsaya a maza, a rasa matan da za su ɗauki ciki. Wannan dabarar rufaffen mazubi tsohuwa ce: wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura a 1829 cewa fen ta tsiro ta rayu cikin kwalbar da ya rufe, ruwan na tashi yana komawa da kansa.

Robobina na farko guda uku na rasa su duka, kuma dalilin ya kamata kowa ya ji. Na ajiye su a bakin tagar da ke kallon yamma. Sati biyar suna lafiya, har kore ya fara shimfiɗuwa kamar an shafa. Rana ɗaya hadari ya washe, hasken la'asar ya bugi robobin kai tsaye na awa biyu ko uku. Da na dawo murfin ya yi zafi, cikin ya zama kamar tukunyar dambu, koren ya koma ruwan toka. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Rufaffiyar roba tana son haske mai yawa amma ba ta jure rana ko ta minti talatin. Ƙarƙashin baranda inda za ka iya karanta jarida ba tare da rana ta taɓa ka ba, nan ne wurinta.

In komai ya tafi daidai, koren farko yana bayyana tsakanin sati biyu zuwa shida, gwargwadon nau'i. Zukatan su cika siffa cikin wata biyu ko uku. A lokacin ne za ka buɗe ka ɗan fesa ruwan da aka tafasa ya huce, domin a sami leman da za a yi iyo a ciki, ka sake rufewa. Ganyen farko, ɗan mitsitsi da bai kama da na uwarsa ba, yana iya ɗaukar wata uku, yana iya ɗaukar shida ko fiye. In funfuna ta ɓullo a wani gefe, ka kwashe wurin da ƙaramin cokali har da ɗan abin da ke kewaye. Da 'ya'yan suka yi ganye biyu ko uku sai a ɗebe su gungu-gungu da tsinke a mayar wata roba mai faɗi, a sake rufewa, sannan a riƙa ɗaga murfin kaɗan-kaɗan cikin sati biyu ko uku har su saba da iskar waje. Wanda ya cire murfi rana ɗaya zai ga sun kwanta kafin magariba. Daga barbaɗa ƙura zuwa shukar da za ka iya ba wani kyauta a tukunya, ka sa shekara guda a ranka, wani lokacin ɗaya da rabi.

Kuɗi kam duka biyun ba sa cin komai. Abin da ƙura ke ci shi ne wuri da natsuwa. Mu da ke zaune a gidan haya na tsakar gida ɗaya, yara na wasan ƙwallo, kaji na tone-tone, ana shanya ana kwashewa, samun kusurwar da roba za ta yi wata shida ba a taɓa ta ba ba ƙaramin abu ba ne. Tukunyar da aka raba kuwa tana jure a ture ta a tashe ta. Sai dai ƙura tana da wani sauƙi da ba a zata: tunda a rufe take, ba ta neman ban ruwa kullum. Mai tafiya Tamale ko Bawku ya yi sati biyu zai dawo ya sami robarsa yadda ya bar ta, alhali sabon rabon gindi in ya bushe sau ɗaya a makonnin farko, da wuya ya dawo.

Lokacin shekara ma yana raba su. Gindi ana raba shi ne a farkon babbar damina, Maris zuwa Afrilu, lokacin da shukar ke yunƙurin fitar da sabon ganye, ko kuma a Satumba in ƙaramar damina ta kama. Kada a kuskura a raba daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke busar da leɓe balle ganyen da aka yanke wa saiwa. Ƙura kuwa ana iya shuka ta kowane wata tunda tana cikin ɗakinta, amma ka yi lissafi kada ranar buɗe murfi ta faɗo cikin hunturu. 'Yan uwanmu na Nima da Mamobi su ƙara kiyayewa, domin ruwan da Accra ke samu a shekara kusan rabin na Kumasi ne, iskar can ba ta yafe sakaci kamar tamu.

Akwai nau'i ɗaya da nake so in yi roƙo a kansa. Wannan mai maƙalewa a jikin manyan bishiyoyi, wani ganyenta ya lulluɓe itacen kamar faranti, wani ya zubo kamar ƙahon barewa ko kunnen giwa, 'yar ƙasar nan ce, kuma kasuwarta ta tashi. Ina ganin ana ɓamɓaro manya daga daji ana kawowa bakin titi, rabinsu sun ji rauni, su mutu a hannun mai saye cikin wata biyu. Wadda ta kai wannan girman ta yi shekaru a wurin. Mai son ganinsu a inda Allah ya ajiye su ya je dajin Bobiri kusa da Kubease a hanyar Accra, ko lambun Aburi da aka buɗe tun 1890, ya kalla ya bar su. A gida kuwa, wadda aka riga aka rena tana fitar da 'ya'ya a gefen farantinta. In ɗa ya kai faɗin tafin hannu, a yanko shi da ɗan saiwa da abin da yake manne a kai, a ɗaura shi a katako a kan dunƙulen ɓawon kwakwa mai danshi, a rataye a inuwa. Daga ƙura ma tana yi, amma wannan aikin shekaru ne, sai wanda ya riga ya goge da masu sauƙi.

Mai sauƙin da nake ba kowa shawara ya fara da ita ita ce wadda ke fitowa da kanta a tsagar tsohon bango da gefen rijiya, mai siraran ganye da irin ke bin gefensu kamar leɓen riga. Ƙurarta tana tsirowa da wuri, ba ta da tsada, in ka rasa roba ɗaya bango na nan. Da ita za ka koyi gane zuciya, da lokacin fesa ruwa, da buɗe murfi, kafin ka taɓa ƙurar da ka sha wahalar samu.

Gwaggo dai ta zaɓi nata. Da ruwan Afrilu ya sauka muka kife tukunyar muka raba ta uku, muka kuma danne igiya biyu a gwangwanin madara. Ɗaya ta ba Hajiya mai ɗakin da ke kallon nata, ɗaya ta kai gidan 'yarta a Asawase. Ganyen da ta so yankewa ran nan kuwa ni na tafi da shi a cikin takarda. Robar tana ƙarƙashin teburina a baranda, wata na biyar ke nan, kuma shekaranjiya na ƙirga ganyen farko guda tara.